Brooklyn: Fim ɗin 'Yar Ayalan da Ta Tsallaka Teku

A shekarar 2015 aka saki wani fim mai suna Brooklyn. Babu harbe-harbe a cikinsa, babu mugun attajirin da ke shiga tsakanin masoya, babu uban da ya rantse 'yarsa ba za ta auri talaka ba. Wata budurwa ce ta bar garinsu a ƙasar Ayalan ta tafi Amurka neman aiki. Kewar gida ta kusa kayar da ita, daga baya ta saba, ta sami mai sonta, sai mutuwa ta kira ta gida, can ma ta tarar da wani mai sonta. Iyakar labarin ke nan. Amma wannan ɗan labari ya shiga takarar Oscar a rukuni 3: fim mafi kyau, jaruma mafi ƙwarewa, da tsarin labarin da aka ɗauko daga littafi. A 2016 kuma ya ci kyautar BAFTA ta fim ɗin Birtaniya mafi fice. Kimanin dala miliyan 11 aka kashe wajen shirya shi, ya dawo da fiye da miliyan 60.

Tushensa littafin ƙagaggen labari ne mai wannan suna, wanda Colm Tóibín ya wallafa a 2009. Tóibín haifaffen Enniscorthy ne, wani ƙaramin gari a bakin kogin Slaney cikin gundumar Wexford, a kudu maso gabashin Ayalan, kuma a garin nasu ya dasa labarin. Ya sha faɗa cewa yana ɗan shekara 12, a kwanakin da ake zuwa yi wa mahaifiyarsa gaisuwar rasuwar mahaifinsa, ya ji wata mata tana ba da labarin 'yarta da ta tafi Brooklyn. Maganar ta zauna masa a rai kusan shekara 40 kafin ta zama littafi. Marubucin Ingila Nick Hornby ne ya mai da littafin labarin fim, John Crowley ɗan Cork ya ba da umarni, Saoirse Ronan kuma ta fito a matsayin budurwar, Eilis Lacey, sunan da ake furtawa Ailish.

Tafiyar Eilis tana da tarihi a bayanta, kuma wanda bai san tarihin ba zai ɗauka son duniya ne ya fitar da ita. Tsakanin 1845 da 1852 wata cuta ta riƙa ruɓar da dankalin turawa a gonakin Ayalan, alhali shi ne cimar talaka safe da dare. A lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Birtaniya, yawancin filayen noma suna hannun manyan masu ƙasa, kuma ba a daina fitar da hatsi da dabbobi zuwa Ingila ba ko da mutane ke faɗuwa. Kimanin mutum miliyan 1 suka mutu saboda yunwa da cututtukan da ke biyo ta, fiye da miliyan 1 suka hau jiragen ruwa suka gudu. Tsibirin da aka ƙidaya mutum sama da miliyan 8 a cikinsa a 1841 har yau bai koma wannan adadi ba. Yunwa ta wuce, amma hanyar da ta buɗe ba ta rufu ba. Wanda ya riga ya tafi yakan aiko wa ƙaninsa ko ƙanwarsa kuɗin jirgi, shi ma wannan ya aiko wa na bayansa. A ƙauyuka har aka saba yi wa mai tafiya Amurka zaman dare irin na makoki, a ci a sha, a yi rawa, a yi kuka, domin kowa ya san da wuya a sake sa shi a ido. Ranar 1 ga Janairu 1892 da Amurka ta buɗe tashar karɓar baƙi ta tsibirin Ellis, mutum na farko da aka yi wa rajista wata yarinya ce daga Cork mai suna Annie Moore.

Shekarun 1950, inda fim ɗin ya ɗora labarinsa, sun zo da sabuwar ambaliyar ƙaura. Mafi yawan tsibirin ya sami mulkin kai tun 1922, ya zama jamhuriya a 1949, sai dai 'yanci bai zo da aikin yi ba. Birtaniya tana sake gina kanta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tana neman ma'aikata ruwa a jallo, Ayalan kuwa ta tsaya cik a kan ƙananan gonaki da masana'antu 'yan ƙalilan. Tsakanin 1951 da 1961 kimanin mutum 400,000 suka fice daga ƙasar da ba ta cika miliyan 3 ba, har ƙidayar 1961 ta sami mutum miliyan 2.8 kacal. Galibinsu Ingila suka nufa, aikin gini da jinya da masana'anta, domin kusa ce, ana iya leƙowa gida da Kirsimeti. Amurka kuwa tafiyar kusan mako guda ce a teku, kuɗin jirgi ba kaɗan ba, wanda ya tafi ya tafi ke nan sai dai wasiƙa.

Wani abin da ya bambanta ƙaurar Ayalan da ta yawancin ƙasashen Turai shi ne yawan 'yan matan da suka tafi su kaɗai, ba miji ba uba. A karkarar ƙasar ɗa guda ke gadon gona, shi ma sai uba ya tsufa ya sakar masa, don haka maza kan daɗe ba su yi aure ba, wasu har su mutu tuzurai. Budurwa kuwa sai iyayenta sun haɗa mata dukiyar da za ta kai gidan miji. Wadda ta yi sa'ar aikin gwamnati, ƙa'ida ta ce ta ajiye shi ranar da ta yi aure, kuma ba a soke wannan ba sai 1973. Yarinya mai ƙwaƙwalwa da ba ta da dukiya ba ta da hanya, zaɓinta bai wuce ta zauna tana jira ko ta haɗa akwati ba.

Fim ɗin ya buɗe a 1951. Mahaifin Eilis ya rasu, tana zaune da mahaifiyarta da yayarta Rose, wadda ke riƙe da littattafan kuɗi a wani kamfani a garin, ita ce kuma ke riƙe da gidan. Abin da Eilis ta samu bai wuce tsaron kanti ranar Lahadi ba, a wurin wata Madam Kelly, mace mai kaifin harshe da ke sallamar masu kuɗi kafin talakawan da suka riga su zuwa. Rose ce ta rubuta wa wani limamin cocin Katolika ɗan ƙasarsu da ke Brooklyn, Fada Flood, ya nema wa ƙanwarta takardun shiga da aiki da masauki. Ya kamata mai kallo ya lura da abin da Rose ta yi a nan, domin fim ɗin bai tsaya yi masa dogon bayani ba. Cikin 'ya'ya mata biyu dole ɗaya ta zauna da tsohuwa. Da Rose ta tura ƙanwarta, kanta ta zaɓa wa zaman. A littafin akwai 'yan'uwa maza 3 da ke aiki a Birmingham, amma Hornby ya cire su, sai nauyin uwar ya rataya a wuyan su biyun kawai.

A jirgi Eilis ta cika cikinta ana dab da shiga hadari, ta kwana tana amai, maƙwabta kuma suka kulle banɗakin da suke tarayya. Abokiyar ɗakinta Georgina, wadda ta taɓa yin tafiyar, ta ja ta a jiki. Ta hana ta cin komai sai teku ta lafa, ta gyara mata fuska da sutura, ta ce idan ta zo gaban jami'an shige da fice ta miƙe sosai, kada ta yi tari, kada ta nuna tsoro. Daga nan fim ɗin ya nuna halinsa, kusan duk wanda Eilis ta haɗu da shi a hanya mutumin kirki ne.

Brooklyn ɗaya ce daga cikin gundumomi 5 na birnin New York, birni ce mai zaman kanta har zuwa 1898, kuma a wancan zamani unguwanninta cike suke da 'yan Ayalan da 'yan Italiya da Yahudawa da baƙaƙen fata. Eilis ba ta sauka a cikin duhu ba. Fada Flood ya sama mata ɗaki a gidan hayar 'yan mata na wata Madam Kehoe, ya sama mata aikin sayar da kaya a wani babban kanti mai suna Bartocci's. Duk wanda ya san yadda baƙo daga Kano ko Katsina kan sauka a zangon Kumasi, ya sami maigidan da zai ba shi masauki ya tsaya masa har ya kama ƙasa, zai gane aikin Fada nan take. Coci ce zangon 'yan Ayalan: a can ake samun labarin aiki, a can ake rawar daren ƙarshen mako, a can ake haɗuwa da wanda za a aura. Teburin cin abincin Madam Kehoe, wadda Julie Walters ta fito a matsayinta, shi ne wurin dariyar fim ɗin, 'yan mata suna zolayar juna, ita tana tsawatarwa tana kuma jin daɗin hirar.

Ga ɗaki, ga albashi, ga mutanen ƙasarta, amma Eilis ta kasa ko murmushi wa masu sayayya. Wasiƙar Rose ta farko ta karanta ta ne tana sheshsheƙa. Wannan shi ne hikimar cire mugu daga labarin. Da an sa mata azzalumar uwar ɗaki ko maigida mai cin zali, mai kallo zai ce su ne suka sa ta kuka, a kawar da su ta warke. Tunda babu wanda ya cuce ta, sai ciwon ya fito a siffarsa ta gaskiya, rabuwa ce kawai da uwa da yaya da titunan da ƙafa ta sani. Fada Flood, wanda Jim Broadbent ya fito a matsayinsa, ya ce mata kewar gida ciwo ne kamar sauran, zai wahalar da ita sannan ya sake ta. Maganin da ya ba ta na aiki ne: ya sa ta a ajin dare na Kwalejin Brooklyn ta koyi lissafin kuɗi, don kada ta zauna ita da tunani.

Akwai fitowa guda da a ganina ita ce zuciyar fim ɗin, kuma babu soyayya a cikinta. Ranar Kirsimeti Eilis ta je zauren coci taya raba abinci ga tsofaffin 'yan Ayalan da ba su da kowa. Suka shigo layi-layi, riguna sun kwana biyu, kafaɗu sun ranƙwafa. Fada ya ce mata waɗannan ne suka haƙa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, suka gina gadoji da manyan tituna. Ta tambaya me ya hana su komawa gida, ya ce idan ƙasar ba ta da abin da za ta ba yarinya mai basira irinta, me za ta ba su, ga shi wasunsu sun yi shekaru masu yawa rabonsu da kowa nasu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Sai ɗaya daga cikinsu ya miƙe ya rera wata tsohuwar waƙa da harshen Ayalan na asali, muryarsa kawai. Mawaƙin gaske ne, Iarla Ó Lionáird, waƙar kuma sunanta Casadh an tSúgáin. Kyamara ta bi fuskokin dattawan ɗaya bayan ɗaya ta dawo kan Eilis. Ba sai an ji harshen ba. Abin da take kallo shi ne ƙarshen da ƙaura kan yi wa wanda bai kafa sabon tushe ba, kuma ba da jimawa ba bayan wannan ne ta fara buɗe ido ta dubi garin da take ciki.

A wurin rawar coci ta haɗu da Tony Fiorello, saurayi ɗan asalin Italiya, mai gyaran famfo, wanda ya shigo taron da ba nasu ba don 'yan matan Ayalan suna burge shi. Emory Cohen ya fito da shi a matsayin yaro mai kunya da saurin murmushi, wanda ba ya iya ɓoye abin da ke ransa. Zawarcinsa na talaka ne: ya jira ta a ƙofar makaranta da dare ya raka ta gida, ya kai ta sinima, ya saurare ta. Da ya ce yana sonta ba ta amsa a take ba, sai da ta kwana da maganar. Kafin ta je gaishe da iyayensa, 'yan matan gidan haya sun zaunar da ita sun koya mata naɗe taliya da cokali mai yatsu don kada miya ta fallatsa. A wurin cin abincin kuma ƙaramin ƙanin Tony, Frankie, ya fasa ƙwai, ya ce su a gidan ba sa son 'yan Ayalan domin wani gungunsu ya taɓa dukan wansa, 'yan sandan unguwar kuma, da yake 'yan Ayalan ne, ba su yi komai ba. An yi dariya, amma da ƙamshin gaskiya a maganar yaron. 'Yan Ayalan sun riga zuwa, sun mamaye aikin ɗan sanda da shugabancin cocin Katolika a New York, 'yan Italiya da suka kwararo daga baya sun daɗe suna jin ana raina su, duk da addininsu ɗaya.

Abubuwa biyu Tony ke ji da su bayan Eilis. Ɗaya ƙungiyar wasan besbol ta Brooklyn Dodgers, wadda bayan kakar 1957 za ta tattara ta koma Los Angeles ta bar magoya bayanta da baƙin ciki. Ɗayan kuma wani fili da shi da 'yan'uwansa suka samu a Long Island, inda suke shirin gina gidaje su kafa kamfani. Ya kai ta can, ciyawa ce kawai da iska, ya ce ta duba ta ga gidansu. Hakan ya dace da zamanin, domin a waɗannan shekaru ne dubban iyalai suka riƙa barin cunkoson Brooklyn suna komawa sababbin unguwannin bayan gari irin su Levittown, wadda aka fara ginawa a 1947.

Ana cikin haka, Eilis ta ci jarabawarta, ta fara tafiya kamar 'yar gari, sai Fada Flood ya zo mata da labarin rasuwar Rose. Ciwon zuciya ne da ta ɓoye wa kowa. Ba yadda za a yi Eilis ta riski jana'iza, teku ta hana. Abin da aka iya yi mata shi ne haɗa ta da mahaifiyarta ta wayar tarho, tsohuwa tana cewa yanzu ba ta da kowa. Ta yanke shawarar zuwa gida na ɗan lokaci. Tony ya ji tsoron in ta tafi ba za ta dawo ba, ya roƙe ta su ɗaura aure kafin ta hau jirgi. Suka je ofishin hukuma aka ɗaura a asirce, babu dangi ko ɗaya.

Kashi na ƙarshe shi ne ya ɗaga fim ɗin sama da sauran labaran soyayya. Eilis ta sauka Enniscorthy da riguna masu haske da tabarau, da takardar shaidar karatu, da natsuwar wadda ta ciyar da kanta a babban birni. Zoben aure kuwa ta cire shi. Garin da a da bai san da zamanta ba sai ya miƙe mata. Kamfanin da Rose ta yi wa aiki ya roƙe ta ta riƙe musu littattafan kuɗi. Mahaifiyarta ta riga ta amsa gayyatar bikin Nancy, ƙawar Eilis, a madadinta, bikin da ya faɗo bayan ranar da ta sa za ta koma. Ƙawayen suka haɗa ta da Jim Farrell, wanda Domhnall Gleeson ya fito a matsayinsa, ɗan gidan rufin asiri da iyayensa ke shirin bar masa gida da sana'a. Irin samarin ƙungiyar wasan rugbi ne da take yi wa tsiya kafin ta tafi, sai ga shi mai natsuwa, mai ladabi, mai jin kunyar cewa bai taɓa zuwa ko'ina ba. Suka je bakin teku a Curracloe, rairayi shimfiɗe ba kowa, ita da ta saba da turmutsutsun bakin tekun Coney Island na Brooklyn. Wasiƙun Tony suna zuwa, waɗanda yake roƙon Frankie ya gyara masa rubutunsu, tana zuba su a aljihun tebur ba ta buɗe ba.

A nan gida bai bar ta ba, kama ta ya yi da hannu biyu. Kuma abin da ke da zafi shi ne duk abin da ake miƙa mata yanzu, aikin ofis, saurayin kirki, mutunci a gari, shi ne abin da da ta same shi tun farko ba za ta taɓa hawa jirgi ba. Ita ma ta faɗa wa Jim haka. Sai dai ba ta same shi ba sai da ta tafi, domin gogewar Amurka ce ta sa aka gan ta.

Masu kallo da yawa kan fusata da Eilis a wannan gaɓa, kuma suna da hujja. Matar aure ce. Ta bar Jim ya saki jiki da ita, ta bar mahaifiyarta tana ƙulla buri, ta bar mijinta yana jiran amsa. Laifi ne, kuma fim ɗin bai wanke ta ba. Amma ni ban ga mayaudariya a cikinta ba. Yarinya na gani da ba ta taɓa zaɓar wa kanta komai ba: Rose ta zaɓa mata Amurka, Fada ya zaɓa mata makaranta, Tony ya matsa aka ɗaura aure, yanzu kuma gari duka ya taru yana zaɓa mata Jim. Ga ta cikin makoki, ga tausayin uwa. Shiru ya fi mata sauƙi, kowace rana tana ɗaga maganar zuwa gobe. Ba ta kuma da wata mafita ta doka, domin tsarin mulkin Ayalan na 1937 ya haramta sakin aure, haramcin da bai kau ba sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1995. Maza biyun nan kowanne ya isa miji, kuma kowanne yana tafe da ƙasa guda da irin rayuwar da za a yi a cikinta. Duk wanda ta ɗauka, akwai wata Eilis da za ta binne.

Madam Kelly ce ta fasa ƙurjin. Ta hanyar wata mai sayayya da ke da dangi a New York, labarin ɗaurin auren ya iso kunnenta, ta kira Eilis ta fara yi mata barazana a lulluɓe. Eilis ta miƙe ta ce ta manta yadda garin nan yake, ta faɗi sunanta da na mijinta da babbar murya, ta fita ta nemi gurbi a jirgi. Fitowa ce mai daɗin kallo, amma a ganina ita ce wurin da fim ɗin ya sauƙaƙa wa kansa. Ya ɗauko mugu guda ɗaya da yake da shi ya sa ta yanke hukuncin da ya kamata ya fito daga zuciyar Eilis, ya kuma tattara duk aibin ƙaramin gari, tsegumi da hassada da sa ido, ya ɗora a kan mace ɗaya. Littafin Tóibín ya fi tsauri. A can Eilis ta koma ne don asiri ya tonu, labarin ya ƙare tana cikin jirgin ƙasa tana barin garin, mai karatu bai tabbata ba ko farin ciki take nufa. Hornby da Crowley sun zaɓi su kai ta har Brooklyn, ta ba wata sabuwar matafiya shawarar da Georgina ta ba ta, ta tsaya jikin bango har Tony ya fito daga aiki ya gan ta.

Abin da bai yi sauƙi ba ko a fim ɗin shi ne sallama da uwa. Eilis ta faɗa mata gaskiya a kan teburin abinci tana kuka. Jane Brennan, wadda ta fito a matsayin uwar, ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaya ko mutumin kirki ne, ta ce matar aure wurin mijinta ya kamata ta kasance, sannan ta ce za ta yi bankwana yanzu, sau ɗaya, ba za ta iya maimaitawa da safe ba. Ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Ta binne miji, ta binne 'ya, ɗayar kuma teku za ta sake ɗauke ta. A tarihin ƙaura ana yawan ƙidaya waɗanda suka tafi, da wuya a ƙidaya irin wannan tsohuwa.

Rabin nasarar fim ɗin a fuskar Saoirse Ronan yake. Littafin cike yake da tunanin da Eilis ba ta furtawa, sai Crowley ya riƙa matso da kyamara kusa ya bar idanunta su yi maganar. Tarihin jarumar ma ya taimaka. An haife ta a 1994 a Bronx ta New York, iyayenta 'yan Ayalan ne da suka je neman abin kai, aka mai da ita Ayalan tana shekara 3, ta tashi a gundumar Carlow, maƙwabciyar Wexford. Wannan ne karo na biyu da ta shiga takarar Oscar, bayan fim ɗin Atonement na 2007. Mai ɗaukar hoto Yves Bélanger da mai tsara sutura Odile Dicks-Mireaux sun sa launi ya bi halin da Eilis ke ciki: Ayalan ta farko dishi-dishi, ita kuma cikin koriyar kwat, Brooklyn tana ƙara haske yayin da take sabawa, Ayalan ta biyu kuwa tana sheƙi kamar an wanke ta. An ɗauki fitowar Ayalan a Enniscorthy ɗin kanta, mutanen gari suka cika taron, amma yawancin abin da ake gani a matsayin Brooklyn a Montreal ta Kanada aka ɗauka. Tóibín da kansa ya leƙo a layin shige da fice.

Taushin fim ɗin yana da iyaka da ya kamata a sani. Eilis baƙuwa ce mai gata. Farar fata ce, Turanci harshenta ne, takardunta cikakku, aiki yana jiranta. Dokar shige da fice ta Amurka ta 1924 ta ware wa ƙasashen arewa maso yammacin Turai, har da Ayalan, kaso mai tsoka, ta matse wa Italiya da Gabashin Turai, ta kusa rufe ƙofa gaba ɗaya ga Asiya da Afirka, kuma haka aka tafi har 1965. Brooklyn ɗin fim ɗin ma ta fi ta littafin fari. A littafin akwai lokacin da kantin Bartocci's ya fara karɓar mata baƙaƙen fata a matsayin masu sayayya, aka sa Eilis ta riƙa sayar musu da safa, wasu 'yan gidan hayar suna ƙyamar abin. Fim ɗin ya tsallake wannan, kuma asara ce, domin a nan ne za a ga baƙon jiya yana koyon raina wanda ya tarar.

Tóibín bai bar Eilis a inda fim ɗin ya ajiye ta ba. A 2024 ya wallafa ci gaban labarin mai suna Long Island. Shekara ta 1976 ce, gidajen da Tony ya yi mafarki sun ginu a Lindenhurst, Eilis tana zaune a tsakiyar dangin mijinta da 'ya'yanta biyu da suka tasa. Wata rana wani mutum ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce matarsa tana ɗauke da cikin Tony, kuma in an haihu a ƙofar gidan zai ajiye jaririn. Eilis ta haɗa kaya ta tafi Enniscorthy bikin cikar mahaifiyarta shekara 80, karo na farko cikin fiye da shekara 20. Nancy mijinta ya rasu, Jim Farrell kuwa bai yi aure ba.